Wai su wane ne 'yan Southern rock na gaskiya?

Ƙanena, ka ce kun yi gardama da abokanka a kan kiɗan da ake ce wa Southern rock, wani ya ce duk rok ɗin da ɗan kudancin Amurka ya yi shi ne, wani ya ce a'a sai wanda ake jin ƙamshin kantiri, wato kiɗan fararen ƙauyen Amurka, a cikinsa, har wani ya jefa Eagles da Creedence Clearwater Revival a ciki, to kai kana son sanin mene ne shi kuma su wa ke cikinsa. Na ji daɗin tambayar nan wallahi, don na daɗe tare da kiɗan nan, tun wani tsohon kaset da na saya a gwanjo ina saurayi har zuwa lokacin da na fara kwaikwayon wasu abubuwan a jitata. Ka ɗan yi haƙuri da tsawon amsar, abin ba ya faɗuwa a layi biyu.

Kudun da ake magana a nan jihohi ne irin su Jojiya da Alabama da Fulorida da Misisipi da Tenesi da Luwiziyana da Karolina ta Arewa da ta Kudu, wasu kuma su ƙara da Teksas. Nan ne yankin gonakin auduga da aka gina da gumin bayi 'yan Afirka, nan ne jihohi 11 suka ɓalle aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 suka sha kashi, kuma ko bayan an 'yanta bayin sai a 1964 doka ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a. Ka riƙe wannan a ranka, don daɗin kiɗan da rigimarsa duk daga nan suka fito.

Abokinka na farko maganarsa ba za ta tsaya ba, dalili kuwa shi rok ɗin gaba ɗayansa ai a Kudu aka haife shi. Elvis Presley ɗan Tupelo ne a Misisipi, Little Richard ɗan Macon ne a Jojiya, Fats Domino ɗan New Orleans, Jerry Lee Lewis ɗan Luwiziyana, Buddy Holly ɗan Teksas, to in da wurin haihuwa ake aunawa duk waɗannan sun shiga kuma sunan ya tashi daga aiki. Shi kansa Gregg Allman da ake lissafawa cikin iyayen wannan kiɗa ba ya son sunan, ya ce faɗin Southern rock kamar mutum ya ce rok rok ne. Saboda haka in masu sauraro suka ce Southern rock wani abu takamaimai suke nufi, wani salo ne da ya tashi wajen 1969 ya yi tashensa na shekara goma ko ƙasa da haka, kuma za ka iya nuna garuruwan da ya fito da yatsa, Jacksonville a Fulorida, Macon a Jojiya, da Muscle Shoals a Alabama.

Labarin daga Duane Allman yake farawa. A ƙarshen 1968 yaro ne ɗan shekara 22 mai dogon gashi yana kaɗa jita a situdiyon FAME na Rick Hall a Muscle Shoals, wani ɗan ƙaramin gari da manyan mawaƙan soul baƙaƙen fata ke zuwa ɗaukar waƙa alhali yawancin makaɗan da ke raka su fararen fata ne 'yan ƙauyukan wurin. Shi ne ya ba mawaƙin soul Wilson Pickett shawarar ya sake rera "Hey Jude" ta Beatles, kuma in ka saurari ƙarshen waƙar inda Pickett ke kururuwa jitar Duane na mayar masa da martani, mutane da yawa nan suke cewa aka fara jin Southern rock, ni ma na yarda da su. Ya kaɗa wa Aretha Franklin ma. Phil Walden, wanda shi ne manajan Otis Redding kafin Otis ya rasu a haɗarin jirgi a Disamban 1967, ya ji yaron ya ɗauke shi ya ce ya haɗa ƙungiyarsa, aka kafa kamfanin faifai na Capricorn a Macon. Mutum na farko da Duane ya samu kuwa shi ne Jaimoe, makaɗin ganga baƙar fata da ya taɓa yawo da Otis Redding. Ka lura da wannan sosai, ƙungiyar da ta kafa Southern rock da baƙar fata aka fara ta, a 1969, a yankin da shekara biyar kacal kafin nan ba za su iya zama teburi ɗaya su ci abinci a gidan abinci ba. Sauran su ne Dickey Betts a jita ta biyu, Berry Oakley a jitar bes, Butch Trucks a ganga ta biyu, sai ƙanin Duane wato Gregg a ogan da waƙa. Su ne Allman Brothers Band. Lokacin da suka sauka Macon ba su da ko kwabo, wata mata baƙar fata mai gidan abinci na H&H da ake kira Mama Louise ita ta riƙa ciyar da su bashi har suka yi kuɗi.

To yanzu ga abin da kunnenka zai nema. A yawancin ƙungiyoyin rok jita ɗaya ce ke magana ɗayar tana raka ta a baya, su kuwa jita biyu ne duk a gaba, su ɗauki karin waƙa ɗaya su tafi tare ɗaya a sama ɗaya a ƙasa kamar tagwaye, can su rabu wannan ya faɗi nasa wancan ya amsa, a ƙarƙashinsu kuma makaɗan ganga biyu, Butch yana tura abin gaba da ƙarfi Jaimoe yana yi masa ado irin na jaz. Sai kuma kwalbar Duane. Ƙaramar kwalba ce ta maganin mura mai suna Coricidin, ya zazzage ƙwayoyin ya zura ta a yatsan zobe na hannun hagu yana zamar da ita a kan tsirkiya. Na gwada da kaina kuma kai ma ka gwada in kana da jita, ka samu ƙaramar kwalba mai santsi da za ta shige yatsanka, kada ka danne tsirkiyar har ta taɓa katako, ɗora ta kawai za ka yi a hankali ka ja, sai ka ji sautin ya daina tsalle daga mataki zuwa mataki ya koma zamewa kamar goge, kamar muryar mutum mai kuka. Wahalar ita ce tsayawa daidai inda sautin yake, ka wuce da ɗan kaɗan ya ɓaci, sauran tsirkiyoyin kuma dole ka kashe ƙararsu da yatsun dama. Ba Duane ya ƙirƙiro wannan ba, tsohuwar dabarar masu blues baƙaƙen fata ce irin su Elmore James, shi dai ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba a jitar lantarki. In ka san "Layla" ta Eric Clapton ta 1970, wannan jita da ke shawagi can sama tasa ce.

Faifan da ya kamata ka fara riƙewa shi ne At Fillmore East, an ɗauke shi kai tsaye a gaban jama'a a Niyok a watan Maris 1971. Ya buɗe da "Statesboro Blues", waƙar wani makahon mawaƙi baƙar fata ɗan Jojiya, Blind Willie McTell, da ya fara ɗauka tun 1928, akwai "Stormy Monday" ta T-Bone Walker, akwai "In Memory of Elizabeth Reed" wadda babu waƙar baki a cikinta ko kaɗan, Dickey ya samo sunan ne a jikin wani kabari a maƙabartar Rose Hill ta Macon, sannan "Whipping Post" ta cinye fuska guda ta faifan ita kaɗai, fiye da minti 22. Wannan doguwar tafiya da suke yi ba tare da sun tsara inda za su sauka ba daga su Miles Davis da John Coltrane suka ɗauko ta, sun sha faɗin haka da bakinsu. In kana son yadda jitar su Bombino na Agadas ke zagayawa tana ƙara zafi, kunnenka ya riga ya shirya wa wannan faifai.

Wata uku da ɗan wani abu bayan fitowarsa, ranar 29 ga Oktoba 1971, Duane ya yi haɗari da babur a Macon ya rasu yana da shekara 24. Bayan shekara ɗaya Berry Oakley shi ma babur, shi ma shekara 24, 'yan layuka kaɗan daga inda Duane ya faɗi, an binne su kusa da juna a Rose Hill ɗin nan. Har yau in na tuna abin yana taɓa ni. Ƙungiyar ba ta watse ba, suka ɗauko Chuck Leavell a piyano da Lamar Williams, wani baƙar fatan, a bes, Dickey Betts ya matso gaba, shi kuwa jininsa na kantiri ne, shi ya sa faifan Brothers and Sisters na 1973 mai "Ramblin' Man" da "Jessica" ya fi haske da fara'a. To ka ga abokinka na biyu yana da rabin gaskiya, akwai kantiri a ciki, amma ba irin lallausan na su Don Williams da iyayenmu ke ji a rediyo da daddare ba, kuma kantirin ɗaya ne kawai cikin kayan miyan, blues ne tushe. A Yulin shekarar suka yi wasa a Watkins Glen tare da Grateful Dead da The Band a gaban mutum wajen 600,000.

Ƙafa ta biyu da abin ya tsaya a kanta ita ce Lynyrd Skynyrd, kuma gaskiya in mutumin titi a Amurka ya ce Southern rock su yake gani a ransa ba Allman ba. 'Yan unguwar talakawa ne a Jacksonville, Ronnie Van Zant a waƙa, Gary Rossington da Allen Collins a jita, sunan ma sun murɗa shi ne daga na malamin motsa jikinsu a sakandare, Leonard Skinner, mai tsanani a kan dogon gashi. Al Kooper, wani mai shirya faifai, ya gan su a wani kulob a Atlanta ya ɗauke su, faifansu na farko ya fito a 1973 da "Free Bird" da "Simple Man" da "Tuesday's Gone". Su jita uku suka yi amfani da ita. Amma bambancinsu da Allman ya wuce yawan jita, su Allman kullum sabuwar hanya suke bi a dandamali, su Skynyrd kuwa Ronnie zai tsare su a wani ɗan ɗaki mai zafi a bayan gari su yi ta maimaita abu ɗaya har kowane ɗan sauti ya zauna, doguwar jitar nan ta ƙarshen "Free Bird" da kake ji kamar hauka ce ta zo nan take, a tsare take tsaf. Kuma sun sha ruwan ƙungiyoyin Ingila sosai, Rolling Stones da Free musamman, shi ya sa nasu ya fi tauri da gajarta. Abin da ya fi burge ni game da su shi ne rubutun Ronnie, mutum ne da ke hawa dandamali ba takalmi yana ba da labarin mutanen unguwarsu da irin maganarsu, uwa na yi wa ɗanta nasiha, rigimar mashaya, giya da ƙwaya da yadda suke cin mutum, har yana da waƙa mai suna "Saturday Night Special" da ta soki ƙananan bindigogi, abin da ba za ka zata daga ɗan Kudu ba, da wata "The Ballad of Curtis Loew" a kan wani tsoho baƙar fata mai kaɗa blues da yaro ke tara kuɗin kwalabe ya kai masa don ya ji kiɗa.

Dole in tsaya a kan "Sweet Home Alabama" ta 1974 da maganar tuta, don ba zan ɓoye maka ba. Waƙar martani ce ga Neil Young, ɗan Kanada, da ya yi waƙoƙi biyu, "Southern Man" da "Alabama", yana caccakar Kudu a kan bauta da wariya. Ronnie ya ambaci sunansa ƙarara, ya kuma taɓo gwamnan Alabama na lokacin, George Wallace, wanda a 1963 ya tsaya a ƙofar jami'a don hana ɗalibai baƙaƙe shiga. Nan ne gardamar take har gobe, wasu sun ji kamar yabo ne, wasu sun ce ka saurari 'yan amshi da kyau ihun ƙi suke yi bayan an ambace shi, kuma cikin 'yan amshin akwai mata baƙaƙe, Merry Clayton da Clydie King. Cikin mutum ukun da suka rubuta ta babu ɗan Alabama ko ɗaya, Ed King ma ɗan Kalifoniya ne. Tsakanin Ronnie da Neil Young kuma babu gaba, Ronnie yakan sa riga mai hoton faifan Neil. Ni a karatuna waƙar ta mutum ce da ke cewa kada a yi mana kuɗin goro, ba kowane ɗan Kudu ne Wallace ba. Amma tutar 'yan awaren Kudu da suka riƙa ratayawa a bayan dandamali ba ni da uzurin da zan ba su a kanta, ko me suka ce tana nufi a wurinsu tuta ce ta waɗanda suka yi yaƙi don bauta ta ɗore, kuma ita ta sa baƙaƙen Amurka da yawa suka juya wa kiɗan baya alhali daga gidan kakanninsu aka ɗebo shi. A 2012 Rossington ya ce za su daina amfani da ita, magoya baya suka yi masa ca. Ina son kiɗansu kuma ina ƙin tutar, duka biyun a raina suke.

Ranar 20 ga Oktoba 1977, kwana uku bayan fitowar faifansu Street Survivors, jirgin da suka yi haya mai ya ƙare masa ya faɗi a daji kusa da Gillsburg a Misisipi, Ronnie ya rasu, da Steve Gaines sabon mai jitarsu, da yayarsa Cassie Gaines 'yar amshi, da wani ma'aikacinsu da matuƙa biyu. Ƙungiyar da ke yawo da sunan yanzu a 1987 aka sake haɗa ta da ƙanin Ronnie, Johnny, kuma tun rasuwar Rossington a 2023 babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta.

Waɗannan biyun babu mai gardama a kansu. Bayansu akwai waɗanda su ma suna tsakiyar gida. Marshall Tucker Band daga Spartanburg a Karolina ta Kudu, 'yan Capricorn ne su ma, babu mai wannan suna a cikinsu, sunan wani makaho ne mai gyaran piyano a garinsu, Toy Caldwell yana kaɗa jita da babban yatsa kawai, kuma suna da sarewa, ka ji yadda "Can't You See" ta 1973 ke buɗewa. Charlie Daniels da gogensa na Turawa, wanda aka fi sani da "The Devil Went Down to Georgia" ta 1979, amma wadda ta fi amfani ga tambayarka ita ce "The South's Gonna Do It Again" a faifansa na 1974, don a cikinta ya jero 'yan gidan da sunansu kamar mai kirari, Marshall Tucker da Skynyrd da Dickey Betts da Elvin Bishop da Wet Willie da ZZ Top, ka ga su kansu a lokacin sun ɗauki kansu dangi ɗaya, suna hawa dandamalin juna suna yawo tare. Wet Willie na Mobile a Alabama sun fi kowa karkata wajen soul. Outlaws na Tampa su ma jita uku, "Green Grass and High Tides". Atlanta Rhythm Section nasu ya fi laushi. Sai 'yan Jacksonville na baya, Molly Hatchet da Blackfoot masu nauyin kiɗa, da .38 Special ta Donnie Van Zant, wani ƙanin Ronnie, waɗanda zuwa 1981 da "Hold On Loosely" sun riga sun koma rok ɗin rediyo, asalinsu na gida ne amma sautin ya yi nisa. A wancan lokaci abin ya yi ƙarfin da har Jimmy Carter, tsohon gwamnan Jojiya, da wasannin da su Allman suka yi masa aka tara wani ɓangare na kuɗin kamfen ɗinsa na farko kafin ya ci zaɓen 1976.

Yanzu ga inda gardamarku take. Creedence ba sa ciki. Na san abin da ya ruɗi abokinka, mawaƙinsu John Fogerty yana waƙar fadamun Luwiziyana da jirgin ruwan kogin Misisipi da wata murya kamar can aka yanke masa cibiya, amma 'yan El Cerrito ne a Kalifoniya, Kudun nasu daga faifai da rediyo suka gina shi, waƙoƙinsu gajeru ne jita ɗaya ce a gaba, kuma sun watse a 1972 lokacin da abin ke fara tashi. Eagles ma ba sa ciki, nasu rok ne mai kantiri irin na Los Angeles, muryoyi masu daɗi a jere da goge-goge na situdiyo, ko da yake Don Henley na cikinsu ɗan Teksas ne. The Band huɗu daga cikin biyar 'yan Kanada ne, Levon Helm kaɗai ne ɗan Akansas, sun yi tasiri a kan kowa amma gidansu daban. Little Feat ne ke ba ni wahala, 'yan Los Angeles ne amma faifan Dixie Chicken na 1973 New Orleans ce zalla ga kuma kwalbar mai jitarsu Lowell George, in ka sa su a gefen tabarma ba zan tashe su ba. ZZ Top kuwa, na farkon nan na Tres Hombres da "La Grange" a 1973 ina karɓarsu tunda Charlie Daniels ma ya kira su, amma a gaskiya mutum uku ne masu blues irin na Teksas, jita ɗaya, kuma daga Eliminator na 1983 da na'urori suka shigo sun zama wani abu dabam. Tom Petty ɗan Gainesville ne a Fulorida, Kudu na cikin bakinsa, amma kiɗansa na su Byrds ne da Beatles, shi ma ya taɓa rataya tutar nan a yawon wasansa na 1985 daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. R.E.M. da B-52's 'yan Athens ne a Jojiya, ba su da nisa da Macon, amma ko kusa ba su shiga, su ne ma hujjar da za ka ba abokinka na farko.

Ni yadda nake aunawa, abu uku nake haɗawa kuma sai sun haɗu. Mutanen su kasance a Kudu suka tashi har ana jin haka a harshensu da labaran da suke bayarwa, tushen kiɗan ya kasance blues da soul da waƙar coci ta baƙaƙe sun gauraya da kantirin fararen ƙauye aka kunna su da ƙarfin rok, sannan ya kasance kiɗan taro ne, jita fiye da ɗaya suna zance da juna, abin da aka gina don dandamali ba don situdiyo ba. Creedence sun faɗi a na farko da na uku, R.E.M. sun faɗi a na biyu, Hank Williams Jr. kuwa ya tsaya ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya a kantiri. Ba wata hukuma ce ta kafa wannan ma'auni ba, nawa ne, kuma za ka samu masana da za su sassauta fiye da ni.

Zamanin farko ya mutu ne a hankali, Allman suka watse a 1976, jirgin Skynyrd ya faɗi a 1977, Capricorn ya karye a 1979, disko da sauran sababbin salo suka kwashe kasuwa. Amma jinin bai ƙare ba. Georgia Satellites sun ɗan tayar da shi a 1986, Black Crowes na Atlanta suka fito a 1990 da "Hard to Handle" wadda asalinta ta Otis Redding ce, ka ga an sake komawa Macon ke nan. Allman sun dawo a 1989 da Warren Haynes, wanda daga baya ya kafa Gov't Mule, can kuma Derek Trucks ya shigo, ɗan ɗan'uwan Butch, wanda a wurina shi ne magajin kwalbar Duane na gaskiya, yanzu yana tare da matarsa Susan Tedeschi a Tedeschi Trucks Band. Blackberry Smoke su ne suka fi riƙe tsohon salon yadda yake. Waɗanda na fi so ka nema su ne Drive-By Truckers, mawaƙinsu Patterson Hood ɗan David Hood ne, mai bes ɗin Muscle Shoals, ya tashi yana ganin mahaifinsa na kaɗa wa baƙaƙen mawaƙa a jihar da Wallace ke mulki, kuma faifansu Southern Rock Opera na 2001 gaba ɗayansa a kan wannan ne, yadda mutum zai so garinsu ya kuma ji kunyar tarihinsa, da labarin Skynyrd a tsakiya. Jason Isbell daga cikinsu ya fito. Alabama Shakes na Brittany Howard wasu na sa su wasu na cewa soul ne, ni ina sa su da gangan, mace ce da mahaifinta baƙi mahaifiyarta fara, 'yar Alabama, da jita a hannu, kuma duk abin da ke cikin kiɗanta daga wannan ƙasa ya tsiro. Kings of Leon faifansu na farko ne kawai ya ɗan kusanto.

In za ka koma wurin abokanka kada ka tafi da sunaye kawai. Ka fara da "Hey Jude" ta Wilson Pickett ka jira minti ɗaya na ƙarshe, daga nan "Statesboro Blues" ta Fillmore, sai "Can't You See", sai "Simple Man", sannan ka sa musu "Born on the Bayou" ta Creedence da "Take It Easy" ta Eagles a jere su ji bambancin da kunnensu. "In Memory of Elizabeth Reed" kuwa ka bar ta sai dare ya yi, ka sa abin saurare a kunne biyu, za ka ji jita ɗaya a dama ɗaya a hagu, Dickey ne ke fara nasa zancen, ogan ɗin Gregg ya shiga tsakani, sannan Duane ya karɓa.